Sallama a Ƙofar Intanet

Duk wanda aka taɓa jawo wa wayar intanet zuwa gida ko shago, ya ga ma'aikacin kamfani ya durƙusa gaban 'yar na'urar nan mai fitilu da ake kira rauta, ya buɗe kwamfutarsa, ya rubuta suna da kalmar sirri kafin komai ya buɗe, to haƙiƙa ya shaida wani tsari mai hikima, ko da bai san sunansa ba. Sunansa PPPoE, kuma sababin samuwarsa shi ne cewa wayar Ethernet, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙago a kamfanin Xerox na Amurka a 1973, an yi ta ne domin kwamfutocin ofis guda waɗanda suka amince da juna, don haka ba ta tambayar kowa ko shi wane ne. Mai sayar da intanet kuwa wajibi ne ya rarrabe wanda ya biya da wanda wa'adinsa ya cika. Saboda haka a watan Fabrairu na 1999 masana daga UUNET da Redback da RouterWare suka wallafa ƙa'idar RFC 2516, inda suka ɗauko tantancewar zamanin shiga intanet ta wayar tarho suka ɗora ta bisa Ethernet.

Ladabin abin tamkar na baƙo ne a zaure. Rautar gida takan yi sallama ga duk wanda ke kan wayar, ta kamfani ta amsa, ta gida ta nemi izini, sa'an nan a ba ta lambar zama ta kanta. Sai bayan wannan ake tambayar suna da kalmar sirri. Wanda zai saita rautar kamfani, misali ta MikroTik ta ƙasar Latbiya, wadda ƙananan masu sayar da intanet a garuruwanmu ke yawan amfani da ita, zai ayyana ƙofar da za ta saurari sallama, ya ware adireshin da za a riƙa rabawa, ya ƙayyade saurin kowa gwargwadon kuɗinsa, ya kuma rubuta sunaye, ko ya danƙa lissafinsu ga wata kwamfuta mai tsarin RADIUS idan jama'a sun yawaita.

A nan ne amana take shigowa, domin hanyoyin tambayar suna da kalmar sirri ba ɗaya ba ne. Ta PAP tana aika kalmar sirri a fili, kamar wasiƙar da ba a liƙe ba, alhali ta CHAP tana aiko da tambaya sabuwa kowane lokaci, rautar gida ta gauraya ta da kalmar ta mayar da sakamakon kaɗai. A ganina, ma'aikacin da ya zaɓi ta farko don sauƙi ya yi sakaci da haƙƙin mutanen da suka amince masa.

Akwai kuma wata lamba da ta taɓa wahalar da ni. Ethernet tana ɗaukar bayit 1500 a ƙunshi guda, amma PPPoE yana cin 8 daga ciki, saura 1492. Na yi kwanaki wasu shafuka suna buɗewa, wasu suna tsayawa cik, ina ɗora laifin a kan hadari, har wani saurayi ya zo ya duba saitin, ya tarar an bar 1500, ya mayar da shi 1492, shafukan suka buɗe tun shayin da na zuba masa bai huce ba.