Ko Kun Sani? Kunkunniyar Murhu

Kunkunniyar da ke baƙanta rufin ɗakin girki a ƙauyukan Yankwashi, Roni, Gwiwa da Babura tana samuwa ne idan itace, kara ko kashin shanu bai ƙone sosai a murhu ba. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, har sukan ratsa huhu su shiga jini, su jawo ciwon huhu da na zuciya, musamman ga mata da yaran da ke goye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a 2020. A sararin sama kuwa, baƙin kunkunniyar na zuƙar zafin rana, yana ɗumama iska. Sai dai kwanaki ko makonni kawai take yi kafin ta sauko.