Kulorin da Sinadaran da Yake Haifarwa a Ruwan Shan Birnin Kano

Kulorin shi ne sinadarin da aka fi amfani da shi wajen kashe ƙwayoyin kwalara da taifod a ruwan sha. Sai dai idan ya haɗu da dattin da ya narke a ruwa, kamar ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da gansakuka, yakan haifar da wasu sinadarai, waɗanda kulorofom ne ya fi shahara a cikinsu. Masanin sinadarai Johannes Rook ne ya gano hakan a ruwan birnin Rotterdam a 1974. Bincike ya alaƙanta daɗewa ana shan su da ƙaruwar haɗarin kansar mafitsara, shi ya sa Amurka ta ƙayyade cewa jimillar kulorofom da danginsa kada ta wuce maikurogiram 80 a kowace lita.

A cikin badalar Kano ruwa na zuwa ta hanyoyi da dama. Akwai na famfo daga matatun Chalawa da Tamburawa, akwai rijiyoyi da burtsatse da tankunan unguwa inda 'yan garuwa ke ɗiba, ga kuma ƙananan kamfanonin fiya wata da NAFDAC ke sa wa ido. Ruwan kogi ya fi ɗauke da datti, musamman da damina, yayin da rijiyar da ke kusa da masai ko kududdufi ba ta rasa nata. Zafin bazara da daɗewar ruwa a tanki kuwa suna ƙara yawan waɗannan sinadarai.

Babban magani shi ne a raba ruwa da datti kafin kulorin ya shiga. Ana fara zuba alam domin dattin ya dunƙule ya kwanta, a tsiyaye ruwan, a tace shi da yashi. Matatar gawayi na musamman tana kama abin da ya narke, muddin ana canza ta a kan kari. Bayan nan ne ake sa kulorin, da awo ba da kintace ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sami aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30, kuma kada ya gaza 0.2 a inda ake ɗiban ruwan. Wanke tanki da rufe shi da ajiye shi a inuwa, tare da hana ruwa kwana da kwanaki a ciki, suna ƙara rage waɗannan sinadarai. Wasu kamfanonin kan haɗa da fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, amma kariyarta ba ta bin ruwa zuwa cikin jarka ko randa.

Daina sa kulorin ba mafita ba ne. Kwalara na iya kisa cikin sa'o'i, alhali illar waɗannan sinadarai sai bayan shekaru ake tsoronta. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta jaddada cewa kada ƙoƙarin rage su ya raunana aikin kashe ƙwayoyin cuta.