Wa Ke Riƙon Yaro Bayan Saki?

A Kankiya da Kusada, idan aure ya mutu, matar ta kwashe kayan ɗakinta ta koma gidan iyayenta, abin da aka saba gani shi ne, da zarar an yaye na goye, sai uba ya aiko ƙanensa a kan babur a ɗauko shi, ana cewa ai ɗa na uba ne. Na taɓa ganin wata bazawara tsaye a bakin zaure, riƙe da warin takalmin ɗanta da aka bari a baya, ba ta ce uffan ba, domin ba ta san cewa shari'a tana bayanta ba.

Alhali kuwa a mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan Jihar Katsina ke hukunci da ita, kuma kamar yadda Risala da Muhtasar na Halilu suka bayyana, halana, wato renon yaro da kwanansa da ɗawainiyarsa, haƙƙin uwa ne har namiji ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Uba bai fita ba, domin wilaya tana hannunsa: shi ke da nauyin nafaƙa, ci da sha da sutura, shi ke duba tarbiyya, ya kai yaro makaranta da rana, amma in dare ya yi a ɗakin uwarsa zai kwana. Ashe ke nan riƙon haɗin gwiwa, wanda ake jin labarinsa daga Ingila da Amurka, malamanmu sun daɗe da shimfiɗa irin nasu.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne idan uwar ta sake aure. Gaskiya ne haƙƙinta yana faɗuwa in ta tare a gidan wanda ba muharramin yaron ba, amma ba wajen matar uba yaron yake komawa ba. Kakarsa ta wajen uwa ita ce a gaba. Haka nan ƙaurar da ke sa a karɓe yaro sai ta kai baridi 6, fiye da kilomita 100, tsakanin Kankiya da Kusada kuwa ko kusa bai kai haka ba.

Wadda aka raba da ɗanta, in sulhun dattawa da mai unguwa ya faskara, tana iya kai ƙara kotun shari'a, ta nemi halana da kuɗin ciyarwa a lokaci guda, in hukuncin bai gamsar da ita ba kuma ta ɗaukaka ƙara har Katsina.