Daren da Coltrane Ya Yi Bahasi da Ƙahonsa

A farkon watan Nuwamba na shekarar 1961, a wani ƙuntataccen ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a birnin Niyok wanda ake kira Village Vanguard, John Coltrane, mai busa saksofon, da jama'arsa suka yi dare huɗu suna kiɗan jaz ana ɗauka, kuma daga abin da aka ɗauka ne kamfanin Impulse! ya fitar da faifan "Live at the Village Vanguard" a 1962. Shi jaz, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, asalinsa makaɗi ya ƙago abin da zai busa nan take a gaban jama'a; amma ko a cikin ma'abota wannan fanni, ƙalilan ne suka yarda su yi kasada irin wadda aka yi a waɗannan darare.

Abin da ya fi kama zuciyata a faifan shi ne "Chasin' the Trane", wanda ya kai kimanin minti 16. A nan McCoy Tyner ya ɗage hannunsa daga piyano kwata-kwata, aka bar Coltrane da saksofon ɗinsa, da Jimmy Garrison mai babbar garaya, da Elvin Jones wanda gangunansa ke zuba kamar ruwan Agusta a kan kwano. Sai ka ji Coltrane ya kama wata 'yar gajeriyar jimla, ya juya ta, ya warware ta, ya sake ɗaure ta, tamkar malamin da ya tsaya a kan mas'ala guda ya ƙi wucewa sai ya ga ƙarshen tahaƙiƙinta. Kuma inda muryar ƙahon ta tsage, ko numfashi ya kusa yanke masa, ba a goge ba, aka bar shi yadda ya auku, alhali kuwa a nan ne gaskiyar ijtihadinsa ta fi bayyana.

Masu sharhi ba su yi ittifaƙi a kan wannan kiɗa ba, domin wani marubuci a mujallar DownBeat ya riga ya hukunta cewa irin kiɗan da Coltrane ke yi tare da abokin busarsa Eric Dolphy kishiyar jaz ne. Ni dai ban ji haka ba. Duk wanda ya saurari "Spiritual" a faifan, inda Dolphy ya busa babban kilarinet da murya mai kauri, zai ji natsuwa da ƙanƙan da kai irin na mai munajati. A "Chasin' the Trane" kuwa, Dolphy yana tsaye a gefe har aka gama, bai sa baki ba sai a sautin ƙarshe.