Yadda Darasin Ciniki Ya Shiga Makarantunmu

A 1969 masanan ilmi suka yi babban taro a Ikko, domin makarantu suna ta yaye yara masu neman aikin ofis kaɗai. Farfesa Babs Fafunwa yana cikin waɗanda suka dage a gyara. Sabon tsari ya fito a 1977, aka soma binsa a 1982: shekara 6 firamare, 3 ƙaramar sakandare, 3 babbar sakandare, 4 jami'a. A ƙaramar sakandaren aka sa darasin ciniki, har da yadda ake rubuta kuɗin shiga da na fita. Malamansa dai ba su isa ba, balle a ƙauye. 'Yan ƙungiya, in 'ya'yanku sun sami wannan darasi, ku zaunar da su kusa da ma'aji ranar rabon taki, su duba littafin bashi.