BATUREN DA YA BI 'YAN CI-RANI DA KYAMARA

Duk wanda ya baro gida ya zo Kurmi neman abinci ya san irin hoton da ake aika wa iyaye: babbar riga, agogo a hannu, ba a nuna ɗakin kwana. To, akwai wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch da ya ƙare rayuwarsa a kan hoton ɗan ci-rani.

An haife shi a Faris cikin 1917. Injiniya ne, aikin hanya ya kawo shi Nijar a 1941, a Yamai kuwa ya haɗu da Damure Zika, wanda ya zama amininsa har mutuwa. Daga 1946 zuwa 1947 shi da abokansa biyu suka bi Kogin Kwara tun daga mafarinsa har bakin teku, wato sun wuce ta inda Kogin Kaduna, wanda ya ratso ƙasar Wushishi, yake zuba a cikinsa.

A 1954 ya bi mutanen Nijar zuwa ƙasar Gana, tun tana hannun Ingila. A Ankara ya ɗauki 'yan borin Hauka, leburori waɗanda iskokin Gwamna da na hafsoshin Turawa ke hawansu, suna kumfar baki, har da cin kare. Da aka nuna fim ɗin a Faris, ɗaliban Afirka suka fusata, suka ce an tozarta baƙar fata. Turawan Ingila su ma suka hana nuna shi a ƙasashen da suke mulki, don sun ga da su ake. Ɗaliban nan suna da gaskiyarsu, domin mai kallo a Faris bai san wahalar da ta kai lebura ga wannan hali ba. Usman Sembene na Senegal ma daga baya ya zarge shi da kallon mutanen Afirka kamar ƙwari.

A fim ɗin Jaguar, wanda bai fito ba sai 1967, hanyarsa daban ce. Samari uku, Damure da Lam Bafillace da Illo masunci, suka taka daga Ayoru zuwa Kumasi da Ankara. Wannan ya shiga dako, wancan ya kasa kaya a kasuwa, Damure ya zama shugaban leburori a wurin katako. Da aka gama ɗauka sai Rouch ya zaunar da Damure da Lam gaban majigi, suna kallon kansu suna ba da labari da bakinsu, da alfahari da ba'a da 'yar ƙarya irin ta wanda ya dawo daga tafiya. Muryarsu ce ke cikin fim ɗin.

Haka ya yi a Abijan da wani ɗan dako, Umaru Ganda, a fim ɗin 1958. Ganda ya koma Nijar ya zama mai shirya fim na kansa, har ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972.

Rouch ya rasu ran 18 ga Fabrairu, 2004, a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni. A Yamai aka binne shi.