Abubuwan da ya kamata ka sani game da wasan kwaikwayon murya na labaran mutum-mutumi mata

A Tasawa da Mayahi, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, labari ya fi shiga ta kunne. Tela yana taka keke wayarsa na karanto masa littafin soyayya, uwargida tana tsince gero da rediyo a gefen tabarma, samari kuma suna kai memori wurin mai cajin waya a zuba musu sabon abin saurare. A Turai da Amurka akwai wani reshe na wannan harka da ya cancanci mu san shi: mayar da littattafan ƙagaggen labarin kimiyya zuwa wasan murya mai ƴan wasa da yawa, musamman labaran da jarumarsu mace ce ƙirar inji.

Me ya bambanta shi da karatun littafi?

A karatun littafi mutum ɗaya ne ke ɗauke da komai, shi ne mai ba da labari, shi ne amarya, shi ne tsohon maƙeri. A wasan murya kuwa kowane mutum na cikin labarin yana da ɗan wasansa. Ana rage bayanin marubuci, a mayar da shi zance da sauti: takun ƙafa, buɗe ƙofa, ƙugin inji, kiɗan da ke nuna an sauya wuri.

An daɗe da sanin ƙarfin wannan salo. Ranar 30 ga Oktoba 1938, Orson Welles da ƴan wasansa sun gabatar da labarin H. G. Wells na harin halittun duniyar Mars a gidan rediyon CBS cikin sigar labarai da ɗumi-ɗumi, har wasu masu saurare suka ɗauka gaskiya ne. Daga 1955 zuwa 1958 kuma gidan NBC ya watsa shirin X Minus One, wanda ke ɗauko labarai daga mujallun kimiyya na lokacin.

Daga ina labaran suka fito?

Yawancinsu daga mujallu masu araha ne da ake bugawa a takarda mara tsada a Amurka, irin su Amazing Stories da Hugo Gernsback ya kafa a 1926. Bango mai launi, labari mai sauri, farashin da talaka zai iya. Masana sun raina su, jama'a kuwa sun yi ta saye. Duk wanda ya san yadda aka kalli littattafan Kano a shekarun 1990, lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Balaraba Ramat Yakubu ke yawo hannu da hannu, ya san irin wannan raini da irin wannan farin jini.

Me ya sa mace ake ƙerawa?

A 1886 marubucin Faransa Villiers de l'Isle-Adam ya fitar da L'Ève future. A ciki an ƙera wa wani basarake mace mai suna Hadaly da kamannin masoyiyarsa, domin yana son surarta amma ba ya son halinta. Muryar masoyiyar aka naɗa a faifai aka saka a ƙirjin injin.

A 1938 Lester del Rey ya rubuta Helen O'Loy: injin aikin gida ta samu zuciya, ta auri ɗaya daga cikin mutum biyun da suka gyara ta, da ya tsufa ya rasu ta nemi a kashe ta a binne su tare. A 1972 Ira Levin ya juya al'amarin a The Stepford Wives, inda mazan wani gari ke maye gurbin matansu da injuna masu ladabi da ba sa gardama.

Idan aka duba, injin ba shi ne abin da ake bincika ba. Zuciyar mai ƙerawa ake tonawa: abokiyar zama yake so, ko baiwa wadda ba ta gajiya, ba ta rashin lafiya, ba ta cewa a'a? Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a zaurukanmu.

Ina wahalar aikin take?

A muryar jarumar. Mai saurare ba ya ganin ƙarfe ko waya, don haka ƴar wasa ce za ta nuna masa da furuci. A farko tana magana ba hawa ba sauka, ba a jin numfashinta, amsarta tana zuwa da saurin da ya wuce na mutum. Yayin da labari ke tafiya sai ta fara jinkiri kafin ta amsa, wata kalma ta sarƙe mata, a ji ta ja numfashi. A nan mai saurare ke gane wani abu ya sauya. Mai haɗa sauti yakan ƙara ɗan amo na ƙarfe, amma idan ya yi yawa tausayi ya gudu.

Murya tana da wata fa'ida: bangon tsofaffin mujallun nan ya cika da zanen mata cikin shigar da ba ta dace ba. Wasan murya ya sauke wannan kaya, ya bar labarin da darasinsa.

Hausa na da tushen wannan?

Ƙwarai. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da tafiyarsa sararin samaniya. Rediyon Kaduna ya raini al'umma guda da wasanni irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, a Nijar kuma sunan Yazi Dogo ya isa shaida cewa wasan kwaikwayon Hausa yana da gindi. Masu fassara finafinan Indiya a Kano sun saba wa kunnenmu jin baƙon labari da harshen gida. A zahiri ma, a 2022 kamfanin Uniccon ya nuna mutum-mutumi mace mai suna Omeife a Abuja.

Me Tasawa da Mayahi za su iya yi?

Fim ɗin kimiyya yana cin kuɗin da ba mu da shi. Wasan murya kuwa ɗaki mai shiru yake buƙata, da makirfo, da kwamfuta ko waya mai kyau, da mutum biyar ko shida masu iya magana. Tun da aka buɗe rediyon karkara na farko a Bankilare a 1999, irin waɗannan gidaje sun bazu a Nijar, kuma kundin da aka zartar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Abin da ya rage shi ne labarin ya zama namu, a kuma nemi izinin marubuci kafin a taɓa littafinsa. A ce wata ƙungiya ta kawo wa wani ƙauye a bakin Gulbin Kaba injin mace mai daka da jan ruwa a rijiya mai gaba talatin. Me matan garin za su yi da lokacin da suka samu? Me maigida zai fara tsammani daga matarsa bayan ya ga mai aikin da ba ta gajiya? Marubutanmu mata, waɗanda suka shafe shekaru suna rubutu kan kishi da auren dole da haƙƙin mace, su suka fi cancantar rubuta wannan wasa, kuma masu saurarensu suna nan a shirye.